Auta Da Kwalbar Ruwan Eleyele: Shin Karatun Ƙwayoyin Ruwa Ɓata Lokaci Ne?

  Yau ba zancen tsadar kuɗin mota ko na haraji na zo da shi ba. Wata magana ce ta cikin gidanmu wadda ta yi kusan wata guda tana hana mu cin abincin dare cikin daɗin rai, kuma na tabbata akwai gidaje da yawa a zangunanmu da ke fama da irinta.

A nan Sabon Ibadan aka haife ni. Kakanmu ne ya zo daga ƙasar Haɗejiya, mahaifinmu kuwa ya fi shekara 30 yana sayar da banda a Bodija. Mu biyu ne maza. Ni na tsaya a sakandare, domin a watan Janairun 2015 da aka kai hari Baga hanyar kifi ta rufe, jarin Baba ya karye, sai ya zama dole ɗaya ya tsaya a rumfa ɗaya ya ci gaba da karatu. Ni na tsaya, ƙanena da muke kira Auta ya wuce jami'a. Burin gida shi ne ya zama likita, amma makinsa bai kai ba, aka ba shi kwas ɗin nazarin dabbobi. Muka ce to ya je ya karɓo kwalin, ko aikin banki a samo masa. Yanzu ya gama, ya dawo daga bautar ƙasa, sai ya zo da zancen wai yana son ya koma digiri na biyu, daga nan ya yi digirin digirgir, ya zama malamin jami'a mai bincike a kan ƙananan halittun da ke yawo a ruwan tafki, waɗanda ido ba ya gani, da ake kira filankiton.

Ranar da ya faɗa, Baba ya daɗe yana kallonsa sannan ya ce, "Kai Auta, yanzu duk wahalar da yayanka ya sha a rumfa, ƙarshenta ruwan kududdufi za ka riƙa ɗiba a kwalba?" Kawunmu da ke gefe ya yi dariya ya ce ai wannan karatun masunta ne, kuma masuntan ma ba su je jami'a ba suka iya. A gaskiya ni ma a daren nan ina bayan Baba, har na fi shi fushi, tunda gumina ne ya biya kuɗin makarantar. Yau kuma ga ni ina rubuta cewa a bar yaron nan ya yi karatunsa. Bari in faɗa muku yadda aka yi na canja.

Wata Lahadi da sassafe ya ce, "Yaya, don Allah raka ni Eleyele, ka gani da idonka kafin ka yanke min hukunci." Wanda ya san Ibadan ya san dam ɗin Eleyele, wanda aka gina a 1942 a kan kogin Ona domin ba gari ruwan sha, kuma a can ya yi aikin bincikensa na shekarar ƙarshe. Muka shiga kwalekwalen wani masunci. Ya zura wani faifai mai fentin fari da baƙi a igiya har ya ɓace wa ido, ya auna tsawon igiyar ya rubuta, wai da haka ake sanin iyakar inda hasken rana ke kaiwa. Ya jawo wata 'yar koma wadda ta fi ƙyallen tatar kamu laushi, ya juye abin da ta tara a kwalba. Ni dai ruwa na gani, ɗan kore-kore. Da muka je wajen malaminsa aka ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi aka sa a madubin likita, sai na ga kasuwa guda tana ci. Wasu koraye ne kamar ƙwallo suna mirginawa, wasu sun jeru kamar tsakiyar wuya, ga kuma wani mai ido ɗaya ja a goshi, ɗauke da jakar ƙwai biyu a gindinsa, yana tsalle kamar ƙuma. Shekarata 27 ina shan ruwa, ban taɓa sanin da abin da nake haɗiye shi ba.

Ga yadda ya yi mini bayani, kuma ba shi da wuyar ganewa ga ɗan kasuwa. Korayen nan tsirrai ne, dangin gansakuka, da hasken rana suke haɗa abincinsu kamar dawa a gona. Masu tsallen dabbobi ne, su suke kiwo a kan korayen. Jariran kusan kowane kifi da waɗannan masu tsallen suke fara buɗe baki, karfasa kuwa ko ta girma tana tace korayen ta ci. Manyan kifi irin su giwan ruwa sai su ci ƙanana. Sannan akwai ƙwayoyin bakteriya da ke ruɓar da duk abin da ya mutu su mayar da shi taki, korayen su sake sha. A kowane hawa abin da ke wucewa gaba bai fi kashi ɗaya cikin goma ba, saboda haka kafin kwalin banda ɗaya ya iso Bodija, an cinye lodi-lodi na abin da ba mu gani. Wato dai gonar da ke ciyar da gidanmu tun ina cikin zani ita ce Baba ya kira ruwan kududdufi.

Wannan shi ne dalilina na farko. Mu muke kamun kifi a Baga da Yawuri da Nguru, mu muke bandarsa, mu muke lodinsa, mu muke sayar da shi a Ibadan da Legas da Anaca, amma idan ya yi ƙaranci ba mu da amsar da ta wuce "bana ruwa bai bayar ba". Dubi tafkin Cadi. A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Farin da aka yi a 1972 zuwa 1973 ya raba shi gida biyu, na 1984 kuma ya bar shi bai kai kashi ɗaya cikin goma na girmansa na da ba, ko da yake daga baya ya ɗan farfaɗo, yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon damina. Kafin farin, wani siririn kifi dangin kawara da mutanen Cadi ke kira salanga yana cikin manyan abin da ake kamawa, kuma abincinsa waɗancan masu tsallen ne na buɗaɗɗen ruwa. Da ruwan ya ja baya ciyayi suka rufe shi, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu, salanga ya karye, tarwaɗa mai jure ruwan fadama ta mamaye tare da karfasa. Da na karanta wa Baba wannan sai ya ce tabbas tun yana yaron kakanmu ya ga yadda kayan da ke zuwa suka canja. Ya ga abin a rumfa, dalilin ne babu wanda ya taɓa gaya masa.

To su wa suka gano dalilin? Wasu masana 'yan Faransa ne da suka zauna a Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, suka yi shekaru suna ɗibar ruwan tafkin a kwalba, har aka tattara aikinsu a babban littafi a 1983. Binciken filankiton na kogin Sakkwato, wanda ya biyo ta Argungu, Turawan Ingila biyu ne, Holden da Green, suka buga shi a 1960. Na Eleyele ɗin nan Farfesa Imevbore ne ya buga a 1967, kuma yana cikin jagororin binciken tafkin Kainji lokacin da aka datse Kwara a 1968. Yau akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a Sabuwar Bussa, akwai cibiyar binciken tafkin Cadi a Maiduguri, kuma akwai 'yan Arewa da ke aiki a cikinsu, Allah Ya ƙara musu ƙarfi. Amma mu na zango, da muke zaune kusa da manyan jami'o'in ƙasar nan, mutum nawa muka tura? Ku ƙirga a unguwarku ku gaya wa kanku gaskiya.

Dalilina na biyu shi ne kurkunu. Yaran yanzu ba su san shi ba, amma ku tambayi iyayenmu. Tsutsa ce da kan kai tsawon mita guda, ta fasa ƙafar mutum ta fito a hankali, a yi makonni ana naɗe ta a tsinke, kuma takan kwantar da manomi. Ba ta da allurar rigakafi, ba ta da maganin sha. A ƙidayar da aka yi a 1988 zuwa 1989 an samu mutum fiye da 650,000 ɗauke da ita a Nijeriya, kuma yankin Ibarapa da ke nan kusa da mu yana cikin wuraren da suka sha fama. Kun san abin da ke kai ta cikin mutum? Wannan mai ido ɗayan da na gani yana tsalle. Shi ke haɗiye 'ya'yan tsutsar a kududdufi, mutum ya sha shi a ruwa, bayan kamar shekara guda ta fito. Wani masani ɗan Rasha, Fedchenko, ya gano haka wajen 1870. A nan ƙasar Yarbawa kuma Dakta Sanya Onabamiro ya bi ƙauyuka yana ɗibar ruwan kududdufai domin tantance irin waɗanda ke ɗauke da cutar da lokacin da suka fi yawa, ya buga sakamakonsa a 1951, daga baya har ya zama minista a tsohuwar Jihar Yamma. Na tabbata shi ma akwai kawun da ya yi masa dariya. Amma da irin wannan sanin ne aka fahimci cewa ƙyallen tace ruwa, da rijiyar burtsatse, da hana mai ciwo shiga kududdufi sun isa su yanke cutar. Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon suka bi gari-gari da wannan saƙo. Mutum na ƙarshe da ya kamu a Nijeriya a 2008 ne, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba mu shaidar rabuwa da ita. A duniya baki ɗaya, daga kimanin miliyan 3.5 a 1986 an sauko zuwa mutum 14 a 2023. Likita nawa za a tara su warkar da mutum 650,000 ɗaya bayan ɗaya? Kuma aikin bai ƙare ba, domin tun 2012 aka fara ganin tsutsar a jikin karnuka a ƙauyukan masunta na bakin kogin Shari a Cadi.

Haka ma kwalara, wadda kusan duk damina sai ta ɗauke mana mutane. Wata farfesa 'yar Amurka, Rita Colwell, ta nuna cewa ƙwayar cutar tana maƙalewa a jikin irin waɗannan halittun. A ƙauyukan Bangaladash aka koya wa mata su ninka tsohon zani gida huɗu su tace ruwa da shi, sakamakon da aka buga a 2003 ya nuna cutar ta ragu da kusan rabi. Tsohon zani fa, wanda babu gidan da ba shi.

Dalilina na uku a gabana ya faru, kuma shi ya fi taɓa ni a matsayina na baƙo a garin mutane. Wani maƙwabcinmu ya haƙa kududdufin kiwon karfasa a bayan gari, kusa da gonar wani Bayarabe da suka taɓa yin sa-in-sa a kan iyaka. Wata asuba aka tarar kifin sun taso sama suna haki, kafin hantsi fiye da rabi sun mutu. Nan take aka ce guba aka zuba, matasa suka fara taruwa, kuma kowa ya san yadda ƙaramar magana ke zama babba a zamanmu na nan. Abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021 bai bar zukatanmu ba. Auta ya je ya duba, ya ga ruwan ya yi kore shar kamar miyar kuka saboda kashin kaji da ragowar abincin da ake ta zubawa, ga shi an yi kwana uku ana hadari babu rana. Ya yi wa dattawa bayani cewa korayen nan da rana suna ba da iskar oksijin, da dare kuma su da bakteriya suna shanye ta, saboda haka idan suka yi yawa, gab da asuba iskar kan ƙare, kifi ya shaƙe. Ya ce a rage ruwan a zuba sabo, a dakatar da abinci kwana biyu. Sauran kifin suka rayu, matasa suka watse. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, sai dai idan babu mai sanin abin da ya tsamar da shi, maƙwabci ake ɗora wa.

Korewar ruwa ba matsalar masu kiwon kifi kaɗai ba ce. Akwai irin gansakukar da ke fitar da dafi mai lalata hanta, wanda tafasa ruwa ba ya kashe shi. A watan Agustan 2014 an hana mutum wajen 400,000 a birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo har kusan kwana uku saboda shi. Tun a 1973 wani masani a Kanada, David Schindler, ya raba wani tafki biyu da labulen roba, ya zuba sinadarin fosfaras a ɓangare ɗaya kawai, sai wannan ɓangaren ya yi kore shar ɗayan yana garau. Fosfaras ɗin nan yana cikin takin zamani da kashin dabbobi da ruwan kwata, waɗanda duk damina ke wanke su zuwa dam-dam ɗin da muke sha, daga Kudu har Arewa. Dole wani ya riƙa aunawa kafin abin ya kai ga asibiti.

Yanzu bari in yi wa Baba adalci, domin ba wauta ce ta sa ya ƙi ba. Hujjarsa ita ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Digiri na biyu shekara biyu ne idan an yi sa'a, digirin digirgir uku zuwa biyar, kuma sa'ar ba kullum take zuwa ba, tunda a 2020 malaman jami'a sun yi wajen wata tara suna yajin aiki, a 2022 kuma wata takwas. Idan ya gama ma ba a ajiye masa kujera ba, in kuma ya samu, albashin ƙaramin lakcara ba lallai ya kai abin da mai rumfa mai kyau ke samu ba. Wuraren da suka fi buƙatar bincike, irin su Baga da wasu sassan Kainji, zuwa can sai da shahada saboda rashin tsaro. Sannan ga matsalarmu ta 'yan zango da kowa ya sani: a nan an ce mu ba 'yan asali ba ne, a can gida kuma sai an sha wuya kafin a samu takardar shaidar ƙaramar hukuma, tallafin karatu ya wuce ta kanmu ta kowane ɓangare. Baba ya tsufa, yana son ya ga Auta ya yi aure. Ni ma ina son in huta da ɗaukar nauyi in gina nawa gidan. Duk wannan gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba.

Inda na saɓa da shi shi ne ma'aunin. Mu 'yan kasuwa mun saba da kayan da za a saya da safe a ga riba da yamma, shi ya sa karatun da muke ganewa shi ne likita da lauya, saboda mun san inda ake biyansu. Amma ko a kasuwa akwai mai sayen wake da kaka ya ajiye sai bazara, ba a ce masa mahaukaci. Kuma ban yarda cewa karatun nan ba ya kawo kuɗi ba. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a nan Ibadan suna sayen abincin jariran kifi na gwangwani daga ƙasashen waje da tsada, alhali ana iya renon waɗancan masu tsallen a tanki a ciyar da su. Matan Kanembu a arewa maso gabashin tafkin Cadi sun daɗe suna kwasar wata koriyar gansakuka a kududdufan kanwa, su shanya ta su yi miya da ita, suna kiranta dihe. Ita ce yau ake sayarwa a kantunan Turai da sunan sifirulina, a kwalabe kamar magani. Abin yana ƙofar gidanmu, wasu ne suka auna shi suka sa masa farashi.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu na 'yan kifi da 'yan goro da 'yan shanu, da fadar Sarkin Hausawa ta kowane gari, ita ce wannan. Muna tara kuɗi idan an yi gobara, muna tarawa idan za a yi belin wani, muna tarawa na biki. Me zai hana kowace ƙungiya ta ɗauki yaro ɗaya ko yarinya ɗaya mai ƙoƙari, ta riƙe masa kuɗin makaranta har ya ƙare, a fannin da ya shafi sana'ar ƙungiyar? 'Yan kifi su samu masanin ruwa, 'yan shanu su samu likitan dabbobi, 'yan goro su samu masanin ƙwari. Idan kowane kwalin banda da aka sauke aka cire masa ɗan abin da bai kai kuɗin shayi ba, na rantse ya isa. Kuma iyaye, idan yaro bai samu likita ba aka ba shi wani kwas, ku daina yi masa kallon wanda ya faɗi. Ku tambaye shi me ake koya masa, ku saurara.

Wanda ya fara ganin waɗannan halittu ma ɗan kasuwa ne irinmu. Sunansa Leeuwenhoek, mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, bai taɓa shiga jami'a ba. Ya ƙware wajen goge gilashin ƙara girman abu, a 1674 ya ɗebo ruwan wani tafki kusa da garinsu ya duba, ya ga abin da na gani a Eleyele. A 1680 babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila ta karɓe shi a matsayin ɗanta. Da na ba Baba wannan labari sai ya ce, "To shi ai bai bar rumfarsa ba." Muka yi dariya gaba ɗaya, karo na farko cikin wata guda.

Inda maganar ta tsaya yanzu shi ne, Baba ya yarda da digiri na biyu kawai, shekara biyu, da sharaɗin Auta zai riƙa zama a rumfa ranar Asabar ya kuma riƙe littafin bashi. Kuɗin rajista ni zan biya, na ɗage maganar aurena zuwa baɗi. Kawu har yanzu da Sarkin Ruwa yake kiransa. Ko zai kai ga zama farfesa, ko zai gaji a hanya ya dawo cikin kwalaye da mu, Allah ne masani. Abin da na roƙe shi ɗaya ne: duk abin da ya gano, bayan ya rubuta wa Turawa, ya zo ya faɗa mana da Hausa a bakin rumfa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya sa albarka a nemanmu da karatun ƙannenmu. 

Naku,
Ɗan mai banda, daga Sabon Ibadan.